HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA: Ƙauyen Da Mutanensa Suka Ƙi Sayar Da Gidajensu

 Yau dai za mu ɗan jingine maganar lefe da ta kwalliya mu leƙa wata ƙasa mai nisa, domin akwai wani ƙauye da nake so ku ji labarinsa. In aka ce Japan, abin da ke fara faɗo wa kowa a rai shi ne mota da babur da rediyo, su Toyota da Honda da Sony. To a cikin wannan ƙasa ta masu ƙere-ƙere akwai ƙauyen da har gobe mutanensa a ƙarƙashin jinka suke kwana, kuma ba wai rashin kuɗin kwano ne ya sa su ba. Su ne da kansu suka zauna suka yanke shawarar haka, kuma sama da shekara 50 ke nan suna ɗauke da wahalar wannan shawara tasu.

Sunan ƙauyen Ogimachi, yana cikin wani yanki da ake kira Shirakawa-go a jihar Gifu, can tsakiyar ƙasar. A cikin kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, ga kogin Sho yana ratsawa ta gefensa. Lokacin sanyi dusar ƙanƙara ke zuba musu kamar da bakin ƙwarya, har takan taru ta kai tsawon mita 2 ko fiye, wato ta shanye tsawon namiji ƙato. A da can kafin a yi musu hanyar kirki, in sanyi ya shigo shi ke nan sun rabu da sauran duniya sai bayan watanni. Wanda duk ke zaune a irin wannan wuri ya san maƙwabcinsa shi ne asibitinsa, shi ne kuma 'yan kwana-kwanansa.

Gida ba ƙusa ko ɗaya

Kada ki ji an ce jinka ki ɗauka irin ɗan ɗakin nan ne na bayan gida da ake ajiye kaji. Gidajen nan manya ne na katako, wani hawa 3, wani 4, akwai ma mai 5, kuma jinkar ce ta rufe kusan dukkan benayen tun daga ƙololuwa har kusa da ƙasa. Jinkar a tsaye take ƙiƙam, ɓangare biyu sun haɗa kai a sama kamar mutum ya haɗa tafukan hannayensa. Daga nan ma sunan ginin ya samo asali, suna ce masa gassho, domin haka mutanen can suke haɗa tafuka in za su yi addu'a irin tasu. Dalilin tsayuwar kuwa shi ne don ƙanƙara ta riƙa zamewa tana faɗuwa, kada ta kwanta a sama nauyinta ya karya gida.

Abin da zai ba ki mamaki, duk girman jinkar nan babu ƙusa a jikinta. Da igiyar karan shinkafa ake ɗaure itatuwan, sai kuma ɗanyen reshen wata bishiya da suke kira neso, wanda ake murɗawa a ɗaura, yana bushewa yana ƙara tamkewa. In iska ta taso ko ƙasa ta girgiza sai ɗaurin ya ɗan ba da kai ya koma, inda da ƙusa ce da tuni ta tsage katakon. A tsakiyar gida akwai murhu, hayaƙinsa na bi ta tsakanin katakan bene yana hawa sama, shi ke busar da ciyawa ya kori ƙwari, ya kuma ƙara wa igiyoyin ƙarfi. A benayen sama kakanninsu ke kiwon tsutsar siliki, a ƙarƙashin daɓen gida kuma suna haɗa wani sinadari na yin albarushi, da waɗannan biyun suke samun kuɗi tun da ƙasar noma ba ta da yawa a kwarin. Gidan iyalin Wada, ɗaya daga cikin manyan gidajen ƙauyen, ya kai kimanin shekara 300, kuma har yanzu jikokin gidan suna zaune a wani ɓangarensa.

Ranar baibaya

To ita ciyawa komai kyanta ruɓewa take yi. A da, lokacin da murhu ba ya mutuwa dare da rana, jinka kan daɗe ƙwarai, amma yanzu da hayaƙi ya ragu a gidaje kusan duk bayan shekara 20 zuwa 30 sai an sake ta. Nan fa ake yin ta, domin kaurin baibayar kan doshi mita guda, kuma dole in an yaye tsohuwar a rufe da sabuwa da gaggawa kafin ruwa ya sauko ya jiƙa gida. Mu a nan a ƙasa ake ɗaura jinka sannan a taru a ɗaga ta, shi ya sa Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su tasu ba ta ɗaguwa ma sam, sai dai mutane su hau kanta.

Saboda haka suke da wata al'ada da suke kira yui, wadda in za a faɗe ta da Hausa sai a ce aikin gayya. Tun da sauran lokaci mai gida zai bi gida-gida yana gaya wa mutane ranar da ya sa. Ranar na zuwa, tun da sassafe za ki ga mutum 100 zuwa 200 sun hallara, kowa kuma ya san aikinsa. Ƙwararru da majiya ƙarfi suna can sama a jere. Wasu suna ƙasa sun yi layi, damin ciyawa na tafiya daga hannu zuwa hannu har ya isa ƙololuwa. Akwai waɗanda ke cikin bene, na waje zai soko wata doguwar basilla mai ɗauke da igiya, na ciki ya karɓa ya zagaya da ita jikin itace ya mayar masa, suna yi suna kiran juna da ƙarfi domin ba sa ganin juna. Wasu na bi da guduma ta katako suna daddaɓewa. Mata kuwa tun kafin ranar suke fama da tukwane, don ciyar da mutum 200 ba wasa ba ne, kuma da su da yara da tsofaffi ake miƙon ciyawa da share tsohuwar da aka zubo. Kafin rana ta faɗi an gama ɓangare guda cif, sai a zauna a ci a sha.

Ga inda hikimar take, 'yar'uwa. Ba a biyan kowa ko sisi, amma kuma ba kyauta ba ce. Akwai littafi da mai gida ke ajiyewa, a ciki ake rubuta sunan duk wanda ya zo, da aikin da ya yi, da damin ciyawa ko igiyar da ya kawo. Kin dai san yadda iyayenmu mata ke riƙe lissafin gudummawar biki, wance ta kawo kaza, ranar nata bikin sai an mayar mata. To haka abin yake, sai dai shi wannan bashin yakan yi shekara 30 ba a biya ba, wani lokaci ma wanda ya ci bashin ya rasu, ɗansa ne zai hau jinkar ɗan wancan ya biya. Akwai irin wannan littafi da aka adana tun na shekarar 1792. Ki duba fa, yaron da aka haifa a ƙauyen nan yana buɗe ido zai tarar ana binsa bashin yini kaza, shi ma yana bin gidaje kaza.

A shekarar 2001 an yi wata baibaya da har yau ake labarinta, ta gidan iyalin Nagase, mai hawa 5, wanda aka gina a 1890. Rabon da a sake jinkarsa an kai shekara 80. Mutum sama da 500 ne suka taru, 'yan ƙauye da masu sa kai daga wasu garuruwa, gidan talabijin na ƙasar kuma ya ɗauka ya nuna wa duniya.

Lokacin da gidaje suka fara ɓacewa

Kada ki ɗauka haka abin ya zo musu salin-alin. A 1924 gidajen jinka a yankin Shirakawa sun kai kimanin 300, amma zuwa 1961 saura kamar 190. Me ya cinye su? Da farko an yi ta gina madatsun ruwa a kogin Sho don samar da lantarki, babbar cikinsu ita ce ta Miboro da aka gama a 1961, ruwa ya haɗiye unguwanni. Sannan kasuwar siliki ta faɗi, samari suka kama hanyar birni neman aikin masana'anta. Wasu suka gaji da wahalar ciyawa suka rushe suka yi na kwano. Ga kuma attajiran birni da ke zuwa da kuɗi su sayi gida sukutum, a warware shi a loda a mota, a je a kafa a birni a mayar da shi gidan cin abinci. A 1967 wata unguwa mai suna Kazura mutanenta gaba ɗaya suka tattara suka tashi.

Kin ga matsalar gayya ke nan. Duk gidan da aka sayar, ba gida kaɗai aka rasa ba, an rasa hannayen da za su hau jinkar maƙwabci. In gida 10 suka tafi, sauran sai aikin ya fi ƙarfinsu, su ma su fara tunanin tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen Ogimachi da suka ga abin yana matsowa kusa da su, sai suka taru a 1971 suka kafa ƙungiyar kare ƙauyensu, wadda kowane gida yake ciki. Suka ɗaukar wa juna alkawari guda uku game da gidajensu da filayensu da gonakinsu da dazukansu: ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ba, ba za a rushe ba. Ke dai ki auna nauyin wannan magana. Mutum da gidansa na gado, ga mai saye ya zo da kuɗi a hannu, ga 'ya'ya na son karatu a birni, amma ya ce a'a saboda ya yi wa maƙwabta alkawari. Daga nan duk wanda zai taɓa wani abu da ido ke gani, ko ƙarin ɗaki ne ko allon shago, sai ya kai maganar gaban ƙungiya an duba tukuna. A 1976 gwamnatin Japan ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi da doka ke karewa, ta fara taimakawa da kuɗin gyara. A watan Disamba na 1995 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, tare da wasu ƙananan ƙauyuka biyu na jihar Toyama, wato Ainokura da Suganuma. A lokacin gidajen jinka 59 aka ƙirga a Ogimachi, ban da rumbuna da ɗakunan ajiya.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Wanda ke kwana a ƙarƙashin busasshiyar ciyawa ba shi da babban maƙiyi kamar wuta. Tartsatsi ɗaya in iska ta ɗauka ya isa ya tashi unguwa. Don haka maganar gobara a Ogimachi ba a bar wa hukuma ita kaɗai ba. An raba ƙauyen rukuni-rukuni na maƙwabta, kuma gidaje ke karɓa-karɓa wajen zagayen gargaɗi. Wanda layi ya zo kansa zai bi unguwa da rana da kuma dare, yana tuna wa mutane su kula da wuta, da dare har da buga wasu 'yan katakai biyu don a ji wucewarsa. Ko ana zuba ƙanƙara sai an fita. An hana wasan wuta a ƙauyen, mai shan taba kuma sai a wurin da aka keɓe.

Bayan wannan, in kina yawo a ƙauyen za ki riƙa ganin wasu 'yan akwatuna masu rufi kamar ƙaramar jinka a gefen gidaje. A cikin kowanne akwai bindigar feshin ruwa, sun kusa 60 a faɗin ƙauyen. Amfaninsu shi ne in wani gida ya kama, a buɗe na kewaye su yi labulen ruwa, su jiƙa jinkunan maƙwabta kada wutar ta tsallaka. Mazauna wurin ne da kansu ke koyon sarrafa su, don kafin motar kashe gobara ta iso mai afkuwa ta afku. Sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen kaka, ake buɗe su gaba ɗaya a lokaci guda don a gwada lafiyarsu, ruwa ya yi ta tashi sama ya fi tsawon gidajen, har mutane kan zo daga nesa kallo. A watan Nuwamba na 2019 wuta ta cinye wasu ɗakunan ajiya guda 2 a tsallaken kogi kusa da inda baƙi ke ajiye motoci, amma ba ta kai ga gidajen tarihin ba. Wannan rana ta tuna wa kowa cewa zagayen daren nan ba aikin banza ba ne.

Abin da ba na kowa ba

Jinka dai tana da mai ita. To ina ga abubuwan da ba su da mai su? Akwai magudanan ruwa da ke bi ta ƙofar gidaje zuwa gonakin shinkafa, akwai 'yan hanyoyi, akwai wuraren ibadarsu da harabarsu. Su ma ana sa musu rana, kowane gida ya ba da mutum, a yashe magudana, a yanke ciyawar gefen hanya, a kwashe ƙanƙara. Gonakin shinkafa da masu su suka tsufa suka kasa nomawa, wata gidauniya da aka kafa a 1997 don kula da ƙauyen tana farfaɗo da wasunsu, domin sun lura gidan jinka a tsakiyar saura ba ya kyan gani, kuma ƙauye in babu noma ya zama kango mai fenti.

Sai maganar ita kanta ciyawar. A da kowane gida yana da filinsa na ciyawa a gefen dutse, a yanka da kaka a busar a tara shekara da shekaru ana jiran ranar baibaya. Da mutane suka ragu sai filayen suka koma daji, har ta kai yawancin ciyawar da ake amfani da ita daga waje ake sayo ta, musamman daga gindin dutsen Fuji. Wannan ya dame su, shi ya sa a 'yan shekarun nan suka koma gyara filayen, suna gayyatar masu sa kai daga birane su zo yankan ciyawa da kaka.

Daɗin suna da wahalarsa

Shiga jerin UNESCO ya kawo baƙi, buɗe babbar hanyar mota a 2008 kuma ya ƙara yawansu. Ƙauyen da mutanensa ba su wuce kimanin 500 ba, a 2019 baƙin da suka ziyarci yankin sun haura miliyan 1 da rabi. Kuɗi ya shigo, an buɗe masaukai da shagunan tsaraba. Amma fa ki tuna gidajen nan ba na kallo ba ne kawai, mutane ne a ciki da shanyarsu da jariransu. Sai ga baƙo ya taka gonar mutum don ɗaukar hoto, wani ya leƙa taga, wani ya yar da guntun taba kusa da ciyawa.

Nan ma zama suka yi. Tun 2014 motar ɗan yawon buɗe ido ba ta shiga cikin ƙauyen daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma, sai dai a ajiye ta a tsallaken kogi a tako ta kan wata gadar lilo mai tsawon mita 107. Ana roƙon kowa ya koma da shararsa. Daren da ake haska gidajen da fitilu a cikin ƙanƙara, wanda ya fi komai jan jama'a, tun 2019 sai wanda ya kama gurbi tun da wuri.

Babbar damuwarsu a yau ita ce hannaye. Tsofaffi sun fi matasa yawa. Yawancin baibayar yanzu ƙwararrun 'yan kwangila ke yi, ana kashe miliyoyin kuɗin yen a gida guda, gwamnati ta ɗauki kaso mafi tsoka. Aiki na kyau, jinka na tsayawa, sai dai ɗan kwangila in ya karɓi kuɗinsa ya tafi, babu sunan da za a rubuta a littafi. Shi ya sa suke ƙoƙarin lokaci-lokaci a yi ta gayya ko da ta fi wahala, don yara su gani su iya. Makarantar yankin ma tana koya wa ɗalibai al'adun ƙauyensu, kuma ranar gayya akan ga 'yan makaranta maza da mata a layin miƙon ciyawa. Ga kuma tambayar da alkawarin 1971 ya bar musu: in tsohuwa ta rasu, 'ya'yanta duk suna birni, gidan ba a sayarwa ba a ba da haya, wa zai hura murhu a cikinsa? Gidan jinka in babu mutum a ciki ruɓewa yake. Wannan magana tana gabansu, kuma ba mai sauƙi ba ce.

To 'yan'uwa, ni abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne littafin nan na gayya. Mutanen Ogimachi ba su dogara da cewa kowa mutumin kirki ne ba. Sun sa rana, sun raba layi, sun rubuta suna, kowa ya san ranar da za a neme shi da ranar da shi ma zai nema. Da yawa daga cikinmu a gidan haya muke, ko gidan yawa, ko ɗakin kwanan makaranta, kuma kowa ta san yadda ake yi da tsakar gida da bakin rijiya da kwata: kowace ta share ƙofar ɗakinta tas, ta tura sharar tsakiya, a yi ta harare-harare ana jiran wadda za ta gaji ta kwashe. Ba sai an jira mai gida ko shugabar ɗalibai ba. Takarda ɗaya da biro sun isa, a rubuta wance Litinin, wance Talata, a manna a bango, wadda ta yi wa wata ranar da ba ta da lafiya a rubuta mata, a kuma biya ta. Ke da za ki shiga gidan miji gobe ki tarar da facaloli da maƙwabta, wannan ɗabi'a za ta yi miki rana.